Gubar Dalma a Anka da Bukkuyum: Ƙasa Aka Fara Yi wa Magani Kafin Yara

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suna zagayen ƙauyukan yammacin Zamfara suna sa ido kan sanƙarau, kamar yadda aka saba duk lokacin da zafin bazara ya kankama. Labarin da ya iske su daga ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka shi ne ƙananan yara suna ta mutuwa. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya ƙi abinci, jiki ya saki, sai jijjiga, sai suma, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Duk wanda ya yi aikin asibiti a ƙasar Hausa, idan ya ji wannan, abu biyu ne za su faɗo masa: ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Su ɗin aka fara yi wa magani, amma mutuwar ba ta tsaya ba.

Da magani ya ƙi ci, sai aka koma kallon garuruwan kansu. Waɗanda ke mutuwa kusan duk 'yan ƙasa da shekara biyar ne, iyayensu kuwa suna tsaye da ƙafafunsu. Ƙauyukan da abin ya fi tsanani, irin su Dareta da 'Yargalma, duk ana niƙa dutsen zinare a cikinsu. Daga baya ma mutane suka tuna cewa agwagin gari sun riga yaran ƙarewa, sai dai a lokacin ba wanda ya ɗauki mutuwar agwagwa abin kai ƙara. Aka ɗebi jinin wasu yara aka aika ɗakin gwaji a Turai. Sakamakon da ya dawo ya nuna dalma a jininsu a matakin da likitoci da yawa ba su taɓa gani a jikin mai rai ba. Kafin a shawo kan lamarin, an ƙiyasta cewa yara fiye da 400 sun rasu.

Yadda dalma ta shigo tsakar gida

Haƙar zinare ba baƙon abu ba ce a wannan yanki. Abin da ya sauya shi ne kuɗi. Farashin zinare a kasuwar duniya, wanda bai kai dala 300 kowace oza ba a 2001, ya kai wajen dala 1,200 a 2010. Manomin da gero da dawarsa ba su kai shi wata damina ba, sai ga shi yana iya samun abin da ya fi amfanin gonarsa daga buhunan dutse. Babu mai hankalin da zai zarge shi don ya kama wannan sana'a.

Matsalar tana cikin dutsen. Jijiyar zinaren da aka faɗa wa a lokacin tana haɗe da dalma mai yawa. Asalinta ma'adinin nan ne mai ƙyalli da ake daka shi a yi kwalli, wanda Zamfarawa ke cewa tozali. Masana duwatsu na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da suka gwada samfurin sun gano cewa ruwa da iska na shekaru aru-aru sun riga sun sauya wani kaso na wannan ma'adini zuwa wani nau'i da ruwan cikin ɗan adam ke narkarwa cikin sauƙi. Wato ƙurar da yaro ya haɗiya ba wucewa take yi ta fita ba, jini take shiga.

Maza su haƙo dutse a daji, su ɗauro buhuna a babur su kawo gari, domin abu mai daraja ba a barinsa a fili. A gida sai a fasa shi da guduma, mata su daka a turmi, a kai injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi da shi, ya fito gari lukui. A wanke garin a bakin kududdufi, a sa zaiba ta kama zinaren, sauran tabon kuma a shanya shi a tsakar gida ko a jibge shi a lungu don a sake wankewa wata rana. A ƙauyuka biyun da aka fara bincika, wajen kashi biyu cikin uku na gidaje suna yin wani ɓangare na wannan aiki a cikin gida.

To a wannan tsakar gidan ne ɗan wata goma yake rarrafe. Ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki, ya tsinci ɗan tuwon da ya faɗi ya cinye. A nan aka shanya gero a tabarma, a nan ake sheƙa da bakace, wani lokacin ma turmin da aka daka dutse da safe shi ne za a surfa hatsi a ciki da yamma. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa hatsin ba daga gona yake kwaso yawancin dalmar ba, a wurin sussuka da shanya da daka yake ɗaukarta. Ga shi kuma cikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke tsotsa, ƙwaƙwalwarsa kuwa ba ta gama ginuwa ba. Idan dalma ta yi yawa sai ƙwaƙwalwa ta kumbura, daga nan jijjigar take fitowa.

Ƙidaya gida-gida, da na'urar da ta gaza

A watannin Mayu da Yuni na 2010 wata tawaga daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Najeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka bi gidaje 119 a ƙauyuka biyu. A cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda da ta gabata, wato ɗaya cikin huɗu. Kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawa. Wanda ya san ƙasar Hausa ya san samun irin wannan adadi ba ƙaramin aiki ba ne. Uwa ba ta zama ta lissafa wa baƙo 'ya'yanta da suka rasu ɗaya bayan ɗaya, akwai kunya, akwai tawakkali, ga kuma tsoron kada magana ta kai ga hukuma a hana sana'ar da ke ciyar da gida.

Ana auna dalmar jini da mikrogiram a kowane desilita. A wancan lokaci, 10 ake ɗauka matakin damuwa, a 45 kuma ake fara ba da maganin fitar da ita. A cikin yara 204 da aka gwada, babu ko ɗaya da bai kai 10 ba, kashi 97 cikin 100 kuma sun kai 45 ko sun zarce. Ƙasar tsakar gida ita ma an auna ta da wata na'urar hannu da ake kangawa a ƙasa ta faɗi ƙarfen da ke ciki nan take. Mizanin Amurka na wurin wasan yara a lokacin kashi 400 ne cikin miliyan. An samu wuraren da suka haura 100,000. Da aka tace alƙaluman, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi alaƙa da mutuwar yaro shi ne ko mahaifiyarsa tana aikin dutsen da hannunta.

Akwai wata matsala da ta taso wadda littafi bai tanadi amsarta ba. Ƙaramar na'urar gwajin jini da ake iya ɗauka zuwa ƙauye, LeadCare II, ba ta karanta abin da ya wuce 65. Daga nan sai dai ta nuna cewa ya yi yawa. An ƙera ta ne don ƙasashen da yaro mai 20 ma abin tashin hankali ne. A Dareta da 'Yargalma kuwa yawancin yaran sun wuce iyakarta, likita kuma yana bukatar sanin wane ne mai 70, wane ne mai 300, domin magani da gadon asibiti ba su isa kowa a rana ɗaya ba. Aika jini Turai kuma ana maganar makonni. Dabarar da aka yi ita ce a ɗebi jinin yaron a sirka shi da jinin da aka tabbatar dalmarsa kaɗan ce, bisa awo sananne, na'ura ta karanta, sannan a yi lissafi a mayar da adadin na asali. An gwada wannan hanya da sakamakon babban ɗakin gwaji, aka ga za a iya dogara da ita wajen yanke shawarar magani. A ganina wannan shi ne binciken da ya amsa sunansa: tambaya ta taso a bakin gadon mara lafiya, aka amsa ta da kayan da ke hannu.

Maganin, da iyakarsa

Maganin da aka dogara da shi sunansa DMSA, ƙwanso ne da ake sha ta baki. Aikinsa ya kama dalmar da ke yawo a jini ya fitar da ita ta fitsari. Zagaye ɗaya da aka saba kwana 19 ne: sau uku a rana na kwana biyar, sannan sau biyu a rana na kwana 14, ana auna shi bisa nauyin yaro. Yana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, don haka ba ɗan shekara biyu sau arba'in da wani abu sai uwa mai haƙuri. Kafin Zamfara ba a taɓa ba yara masu yawa haka, masu dalma mai tsanani haka, wannan magani a karkarar da babu wuta babu babban ɗakin gwaji ba.

MSF ta adana bayanan aikinta ta kuma wallafa su a 2014. Tsakanin Yunin 2010 da Yunin 2011 yara 1,156 sun sha zagaye 3,180. A matsakaici, bayan zagaye guda dalmar jini takan sauko zuwa kashi 74.5 cikin 100 na yadda take kafin a fara. Amma a zagaye 159 da aka yi wa yaran da aka kwantar a asibiti, ta sauko zuwa kashi 47.7. Magani ɗaya ne, amma raguwar da aka samu a asibiti ta kai wajen ninki biyu na wancan matsakaici, wanda yawancinsa na yaran da suka sha maganin suna gida ne. An kuma ga cewa yawan shan maganin a gaban idon ma'aikaci yana ƙara ingancin sakamako, yaron da ke da ƙarancin jini kuma ba ya saurin samun sauƙi. Yara 20 cikin waɗanda suka fara shan maganin sun rasu a wannan tsakani, shida daga ciki dalma ce babban sanadi. Ba a ga wata mummunar illa daga maganin kansa ba.

Dalilin tazarar da ke tsakanin asibiti da gida ba ɓoyayye ba ne. A asibiti ba a tsallake sha, ana cin abinci mai kyau, sannan yaron ya rabu da ƙasar da ke ba shi gubar. Akwai kuma wani abu: dalma ba ta zama a jini kawai, tana shigewa ƙashi ta yi shekaru. Idan magani ya share ta jini, ta ƙashi sai ta sake tsattsafowa. Shi ya sa aka samu yaron da ya sha zagaye har 15. Abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa kuma maganin ba ya gyara shi. Akwai waɗanda suka rayu amma suka makance, ko suka kurumce, ko gaɓoɓi suka shanye.

Daga nan ne aka kafa ƙa'idar da ta fi kowace ɗaci a wannan aiki: in ban da yaron da ke bakin mutuwa, ba za a buɗe shirin magani a gari ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Ba yaro magani ya koma rarrafe a tsakar gidan nan, ɗiban ruwa ne da kwando, ana ma fargabar ya ƙara masa illa. Uban da ɗansa ke kwance, a ce masa ga magani a Anka amma sai an share gidansa, ba zai ji daɗin wannan magana ba, kuma yana da gaskiyarsa. Sai dai alƙaluman da aka tara sun goyi bayan ƙa'idar.

Aikin fartanya

Kwashe ƙasar ya zo ta hannun wani kamfanin injiniyoyin muhalli na Amurka, TerraGraphics, wanda ya goge a irin wannan aiki a garuruwan haƙar ma'adinai na jihar Idaho, tare da cibiyar Blacksmith mai yaƙi da gurɓatar muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jihar Zamfara. An yi Dareta da 'Yargalma a Yuni da Yulin 2010, ana tsere da damina. Daga Oktoban 2010 zuwa Maris na 2011 aka yi Abare, Tungar Guru, Sunke, Tungar Daji da Duza.

Katafila ba ta shiga zaure. Saboda haka mutanen gari aka ɗauka aiki, da fartanya da shebur da baro. A fito da kayan ɗaki, a auna ƙasa lungu-lungu, a kankare saman 'yan santimita, a zuba a buhu a kai ramin da aka tanada a bayan gari a binne. A kawo sabuwar ƙasa da aka gwada aka tabbatar da tsabtarta a shimfiɗa, a sake aunawa, a goge ƙura a ɗakuna, a wanke kwanuka, sannan iyali su dawo.

Kafin a kai ga fartanya kuwa sai an bi ta ƙofa. Gidajen nan na kulle ne, namiji baƙo iyakarsa zaure. Sai magana ta bi ta fadar sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci da mai unguwa da liman, sannan maigida ya yarda ƙarti su shiga cikin gidansa. Mata ma'aikata su ne ke shiga wajen uwargida da amarya su zauna a tabarma su yi bayani, domin matan ne ke daka, su ne ke shanya, su ne ke goyo, kuma a hannunsu maganin zai kwana. Umarnin fitar da injinan niƙa da sarrafa dutse daga cikin gari ma, da bakin sarakuna ya samu karɓuwa. Masu rubuta rahoto sukan sa wannan ɓangare a ƙarshe a matsayin wayar da kai, kamar wani ƙarin gishiri. Ni ina ganin rabin maganin ke nan, domin in maigida ya ce a'a, babu ƙasar da za a kwashe, in ba a kwashe ba kuma babu DMSA.

Bagega

Tun a ƙarshen 2010 wata tawagar ta bi sawun lamarin ta hanyar tambayar kowane ƙauye su faɗi inda suka san ana niƙa dutse. Haka aka tara sunayen ƙauyuka 131, aka ziyarci 74 a ƙananan hukumomi uku. Bagega, a ƙaramar hukumar Anka, ta fi sauran garuruwa bakwai da aka share girma, kuma tana da babban sansanin sarrafa dutse a gefenta. An san halin da take ciki, an san yara kusan 1,500 na bukatar kulawa, an san yadda ake aikin tunda an yi shi sau bakwai. Kuɗi ne babu.

A watan Mayu na 2012 aka yi taron ƙasa da ƙasa kan lamarin a Abuja. Ana maganar naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya ta yi alkawari, amma ministocin da abin ya shafa ba su halarta da kansu ba, kuɗin kuma bai fito ba. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan adam ta Human Rights Watch ta yi ta magana. Wasu matasa 'yan Najeriya, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauki batun zuwa Twitter da Facebook da taken a ceci Bagega, wanda daga nan shirinsu na bin diddigin kuɗin gwamnati, Follow The Money, ya samo asali. Sanata Bukola Saraki, shugaban kwamitin muhalli na majalisar dattawa a lokacin, ya je garin da kansa. Sai a Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗi. Aka fara kwashe ƙasa a Fabrairu, MSF ta fara ba yara magani a Afrilu. Yaron da aka haifa a Bagega lokacin da ake share Dareta ya kusa shekara uku kafin layi ya zo kansa, kuma waɗannan su ne shekarun da dalma ta fi yi wa ƙwaƙwalwa ɓarna.

Jimillar aikin daga 2010 zuwa 2013: an kwashe ƙasa da tarkacen dutse fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren sarrafa dutse 820 a garuruwa takwas, dalmar ƙasa ta ragu da kashi 89 cikin 100, yara 2,349 sun sha magani. Matsakaicin dalmar jinin yara kafin su fara shan magani ya sauko daga 149 zuwa 15. Wannan adadi na ƙarshe yana bukatar a karanta shi da lura, domin ba yara ɗaya aka auna a farko da ƙarshe ba, kuma da mafi munin garuruwa aka fara. Duk da haka awo ne na kafin magani, don haka saukowar ba aikin ƙwanso ba ce, aikin fitar da injin niƙa ne da sauya ƙasa. Kuma 15 ɗin ma ba lafiya ba ce. CDC ta sauko da matakin damuwarta daga 10 zuwa 5 a 2012, sannan 3.5 a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babu adadin dalma a jini da za a kira marar illa.

Hani ko gyara

Gidan da aka share yana iya sake gurɓata, kuma wasu sun sake. Mutum ya wuni a wurin niƙa ya dawo da ƙura a riga da gashi ya ɗauki ɗansa, ko ya ɓoye buhun dutse a ɗaka don tsoron ɓarayi. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu. Hana haƙa da baki bai taɓa hana ta ba, abin da yake yi shi ne ya kora aikin cikin ɗaki inda ba a gani, wato daidai inda yara suke.

Shi ya sa MSF da wata ƙungiya mai suna OK International suka gwada wata hanya da masu haƙar kansu: a riƙa fesa ruwa a bakin injin niƙa, a tanadi wurin wanka da sauya tufafi kafin a koma gida, a samu ɗakin ajiyar dutse mai makulli a wajen gari. Awon da aka yi ya nuna fesa ruwan ya rage dalmar da ke cikin iska da kashi 95 cikin 100, ƙurar tsakuwa mai lalata huhu kuma da kashi 80. Masu haƙar da suka shiga shirin, dalmar jininsu ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku.

Sai dai matsalar tsaro ta riga ta mamaye yankin. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindigar daji, hanyoyin zuwa wasu daga cikin ƙauyukan nan suka zama sai an yi shahada, jama'a da yawa suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka. A farkon 2022 MSF ta miƙa shirin dalma ga hukumomin jihar, bayan ta gwada yara 8,480 'yan ƙasa da shekara biyar, 3,549 daga cikinsu sun sha maganin fitar da gubar. A Disambar 2024 aka ɗage haramcin haƙar, a daidai lokacin da farashin zinare ya ninka na 2010 fiye da sau biyu. Yanzu gwajin jini, ajiyar DMSA, auna ƙasar gidajen da aka share, da sa ido kan inda ake kafa injin niƙa, duk suna wuyan ma'aikatun lafiya, muhalli da ma'adinai na jihar, tare da masarautun Anka da Bukkuyum.